Allon da Ke Rataye a Rumfar Inna Mamunatu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Safar na shekarar 1346, wato cikin Agustan 1927, da hantsi, Allah ya karɓi ran Inna Mamunatu a gidanta da ke bayan rumfunan goro a Zangon Kumasi. Kafin la'asar muka kai ta. Ni Awudu mai fataucin goro, ban taɓa ganin jana'izar tsohuwa da matasa suka yi ta ture juna wajen ɗaukar makara kamar tata ba, kuma kusan dukansu a tsakar gidanta suka yi wasan ƙasa.

Inna, kin san halina na bin diddigi. Kin sha ce mini da tambaya gona ce, da na ciyar da Zango kaf. To yau ma da tambaya na zo, sai dai wannan karon na sami amsa, kuma ita ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Shekarar da murar nan ta yi ta ɗibar mutane a garin nan, ta ɗauke mini matata, ta bar mini yaro ɗan shekara uku, Rafi'u, wanda tun daga lokacin muke kira Talle. Yaron nan da surutu ya taso, amma daga ranar da aka fita da uwarsa bai sake cewa uffan ba. Yana ji, yana ci, yana bin aike, magana ce kawai babu. Ba ni da wani ɗa sai shi. Tsorona shi ne ya girma bebe, ya kasa ko karanta abin da zai yi salla da shi.

Da ya cika huɗu sai na ce lokacin makaranta ya yi. Wurare biyu ne a unguwarmu. Akwai zauren Malam Seini, mutumin Dagomba, malami na gaske, wanda yara 'yan shekara biyar ke fitowa daga hannunsa suna haɗa baƙi da wasali. Akwai kuma gidanki, inda mata masu zuwa kasuwa ke barin ƙananansu tun da safe. Abokan fatauci suka ce in kai shi gun Malam, in ya ji 'yan'uwansa na ɗaga murya tilas bakinsa ya buɗe. Yayata Zaratu ta ce in kai shi gunki. Ni kuwa na ce ba na sayen goro sai na kwance huhu na duba, saboda haka na ba kowane gida safiya uku.

Zauren Malam ya burge ni ƙwarai. Tabarmi a jere, alluna a wanke, kowane yaro ya san wurin zamansa. Akwai bulala rataye, amma cikin kwana ukun ban ga an sauko da ita ba. Na fito ina jin cewa nan ne ake yin mutum.

Gidanki kuwa, Allah ya gafarta mini, na ɗauka kasuwar awaki na shiga. Wasu na gina shanu da laka, wasu na jera guntayen katako da masassaƙa ke kawo miki, wata yarinya ta goya taɓarya tana rarrashinta da yaren Asante. Kin zube musu ragowar goro a faifai suna ware fari da ja, wanda ya gano mai tsutsa a yi masa guɗa. Ga 'yan butoci ƙanana, suna wasan alwala suna jiƙa juna sharkaf. Ke kuma kina zaune a kan turmi kina gyaran ganyen miya, kamar ba ki san abin da ake ciki ba. Sai a rana ta uku na lura idonki ba ya barin kowa, kuma yaron da ya ƙwace abin wani ba ya kai ƙofa sai ya mayar.

A ranar ce na ga allon. Tsoho ne, ya yi baƙi don shan hannu, yana rataye a ginshiƙin rumfa daidai inda yaro zai gani amma hannunsa ba zai kai ba. Layi biyu ne kawai na baƙaƙen farko a jikinsa, na biyun ma bai kai ƙarshe ba. Na tambaye ki yaushe kike sauko da shi. Kika ce, "Ba na sauko da shi, Awudu. Ina jira ne yaro ya tambaye ni mene ne wancan. Ranar da ya tambaya, Larabar da ta biyo sai in kai shi gun Malam Seini." Na ce in bai tambaya ba fa? Kika ce duk suna tambaya, iyayen ne ba sa iya jira.

Na kawo miki Talle don Zaratu ta matsa mini, ba don na gamsu ba. Wata huɗu yaron nan yana zuwa, abin da nake gani kawai riga ce da laka. 'Ya'yan abokaina sun shiga surori, nawa yana gina shanu. Haƙurina ya ƙare. Na je na sa aka sassaƙa masa sabon allo, na sa aka toya masar sadaka, ranar Laraba na wuce ƙofarki ko sallama ban yi ba, na kai shi zaure. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Malam ya yi yadda aka saba, ya kama hannun yaron zai rubuta masa bisimilla a tafin hannu ya lashe. Talle ya dunƙule hannu gam. Aka lallashe shi, aka nuna masa masar sadakar, ko gezau. Kwana goma sha ɗaya yana zaune a ƙarshen tabarma da hannu a dunƙule, ya daina cin abincin kirki, ya koma fitsarin kwance. Rana ta goma sha biyu Malam Seini da kansa ya saɓa shi a kafaɗa, ya biyo ta rumfata ya ce, "Awudu, wannan bai nuna ba tukuna. Ni ina koya wa mai son sani ne. Mai sa su so, tana can bayan rumfa." Muka tafi tare, ina biye kamar wanda aka kama da sata.

 Wallahi Inna, da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Kika miƙa wa yaron curin laka, kika ce shanunsa na nan ba wanda ya taɓa.

Daga nan na koma leƙe. Kullum in an ɗaure huhunan da za su bi jirgin ƙasa, sai in zagayo in tsaya jikin danga ina kallo ta kafa, ƙaton mutum da gemu. Wata bakwai ina wannan abin. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa, na ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Inna, mene ne wancan?" Na duba, ga Talle tsaye, yatsa na nuna allo. Na zauna cikin taɓo ina kuka kamar yaro. Na ji kin amsa masa, "Ni ma ban sani ba. Bari Laraba ta zo mu je mu tambayi Malam." Sannan kika ɗaga murya kika ce mai leƙen danga ya shigo ya wanke wandonsa. Ashe ya yi wata guda yana hira da shanunsa na laka, kika ɓoye mini don kin san zan zo in tsaya masa a ka.

Larabar nan ya buɗe tafinsa da kansa. Cikin shekara biyu ya kamo waɗanda suka riga shi, bana kuma yana dab da sauka. Ban ce kowane yaro sai ya bi ta laka ba, na ga waɗanda aka kai zaure tun suna huɗu suka yi kyau. Nawa dai ban san abin da zai zama ba da ban mayar da shi ba.

Shekara bakwai ina yaba wannan dabara taki ta "ni ma ban sani ba." Na sha ba da labarinta a rumfa, ina cewa ku ji hikimar tsohuwa, 'yar malami guda tana yi wa yara kamar ba ta san baƙi ba. Sai bayan mun dawo daga maƙabarta Malam Seini ya riƙe ni a ƙofar gida ya ce ba dabara ba ce. Allon naki ne, tun na garin Salga, kafin yaƙi ya koro ku nan. Kina 'yar shekara huɗu aka sa ki a gaba, aka yi ta dukanki a kan layi na biyu har kika tsorata, daga nan ko kallon rubutu kika yi sai kanki ya juya. Sallarki duk da ka kika koye ta. Malam ne ke bin sawun tawadar duk shekara in damina ta cinye ta, kuma kin roƙe shi kada ya ƙara ko ɗigo a inda aka tsaya. Kin ce in kin tafi yana iya faɗa, ko wani uba zai ji.

Sauran labarin daga bakin Talle na ji. Larabar da ta gabaci rasuwarki ya je gaishe ki, kina kwance a rumfa. Kika sa ya sauko da allon, kika daɗe kina dubansa, sannan kika ce, "Talle, mene ne wannan?" Ya ce ya ɗauka wasa kike yi, sai ya ga kin miƙo masa tafin hannu a buɗe. Ya ruga ya ɗauko tawada ya rubuta miki, kika lashe. Kwana shida yana zuwa bayan azahar. Ran Litinin kuka ƙarasa layi na biyu a jikin allon, alƙalami a hannunki, kika yi dariya kika ce ashe abin bai kai yadda kike tsoro ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yi miki haƙurin da kika yi da 'ya'yanmu da mu iyayensu. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki Muniru da jikokinki, da Malam Seini abokin aikinki, da dukan matan Zango da ba su san inda za su ajiye ƙananansu gobe ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Muniru ya ba Talle allon. Jiya na ga ya mayar da shi kan ƙusarsa a ginshiƙin rumfa, layi biyu cikakku, na biyun rabi hannun Malam, rabi hannunki mai rawa. Allah ya karɓa miki, amin.