Baƙar Motar Usta Sabri da Amanar da Na Kasa Riƙewa

Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Maris, ana kiran azahar a masallacin kasuwar kifi, labari ya iske ni a shago cewa Usta Sabri Dabbus ya cika a asibitin garinmu Rashid, a nan Masar. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya dosa. Yau kwana arba'in da biyar, sai yanzu na iya ɗaukar alƙalami. Ba ƙarfi na samu ba, Usta Sabri, baban Midhat, akwai dai maganar da ya kamata ka ji daga bakina.

Shekara arba'in da ɗaya garejinka na kallon shagona, kai makanike, ni mai fentin mota. Duk tsawon wannan zaman ban taɓa jin ka ɗaga wa mai kawo gyara murya ba. In talaka ya turo motarsa, sai ka gyara, ka ce ya tafi ya dawo ran da ya huta, ka kuma san ba zai dawo ba. Amma garin nan da baƙar motar ya san ka, ƙirar Amurka ta 1929, wadda mahaifinka ya saya hannun wani Bagirke mai fataucin auduga da zai bar ƙasar. Tayoyinta masu waya ne kamar na keke, tana da matakala a gefe, ba ta tashi sai an juya mata ƙarfe a gaba, hon ɗinta kuwa agwagwa ce sak. Amaren da ta kai ɗakin miji a unguwarmu ba su ƙirguwa, har da ƙanwata Sana'a, kuma ba ka taɓa karɓar komai ba sai kwalin alewa. Lokacin sanyi, in ruwan sama ya cika tituna sababbin motoci suka mutu a tsakiyar hanya, ita ke ratsawa da dogayen ƙafafunta. Ungozoma Fatahiyya ta ce mini a zaman makoki, haihuwa nawa ta karɓa a ƙauyukan bakin kogi da ba don kai ba da ba ta isa ba.

Faɗanmu ɗaya ne, fenti. Baƙinta ya koɗe, ya tsattsage, a ƙofar direba ma har ƙarfe ya fito inda gwiwar hannun mahaifinka da taka suka goge shi. Kullum in muna shan shayi sai na ce, "Haba Usta, kana zubar mini da mutunci. Wa zai kawo mini aiki yana ganin wannan a gaban shagona?" Sai ka ce, "Hilmi, ka fara fente fuskarka tukuna, ta fi ta buƙata." Ka sha gaya mini wannan fentin tun daga masana'anta yake, kuma duk darajarta a nan take. Ina jin ka ne kawai.

Bara mai filin ya ce zai rushe garejin ya gina bene, gwiwoyinka kuma suka daina yarda da juya ƙarfen. Dole ka sa ta a kasuwa. Masu otal sun zo, masu ɗaukar hoton biki sun zo, duk ka ba su shayi ka sallame su. Sai Dakta Nabil Karam, wani dattijon likita daga Iskandariyya mai tara tsofaffin motoci. Ya zagaya ta sau uku, ya leƙa ƙarƙashi, ya saurari injin, ya shafa fatar kujerun da ta dare. Ya tambaya ko an taɓa yi mata fenti, ka ce ko sau ɗaya. Na ga idon mutumin ya kawo ruwa. Kuka yi musafaha a kan zai ɗauke ta in ya dawo daga ganin 'yarsa a ƙasar waje. Kafin ya dawo ka kwanta. A gadon asibiti ka damƙa mini makullin gareji ka ce, "Ka miƙa wa likitan nan ita yadda take. Ko ƙura kada ka goge mata da ƙarfi." Na ce na ɗauka.

'Ya'yanka Midhat da Wa'il suka iso daga Kuwait bayan an binne ka. Yara ne na kirki, Allah ya sani, sun yi kuka har sun ba ni tausayi. Da na buɗe musu garejin sai kunya ta kama su. Midhat ya ce, "Baffa, so kake a ce mun sayar da motar babanmu tana kama da kaskon suya? Baƙo zai zo daga birni ya ga haka?" Na yi bayani har muryata ta dushe. Na kira likitan, wayarsa ba ta shiga. Kwana uku muna abu ɗaya, rana ta huɗu Wa'il ya ce in ba zan yi ba, akwai mai fentin babura masu ƙafa uku a hanyar Idku, wanda ya ce zai gama ta a wuni biyu. Gadonsu ce. Na miƙa makulli, sannan na ce su turo ta shagona.

Na gaya wa kaina gara hannuna da na wancan. Gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Shekara arba'in hannuna na ƙaiƙayin wannan motar. Kwana tara na yi a kanta. Na kankare, na cike, na fesa, na goge, har mutum na ganin haƙoransa a jikinta. Tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma na ji daɗinsa, wannan ne ke hana ni cin abinci.

Ranar sadakar arba'in likitan ya zo. Ya daɗe tsaye bai taɓa ta ba. Sannan ya ce, "Hannun da ya yi wannan gwani ne. Amma ba ita na zo ɗauka ba." Ya yi wa yaran gaisuwa, ya sha gahawa mara sukari, ya koma. Jirginsu na jiransu, mai fili na jiran garejinsa, sai yaran suka ba mai gidan shayin bakin kogi ita. Shekaranjiya ya sa aka cire injin, aka girke ta a ƙofa don masu ɗaukar hoto. Yanzu ta bayan kasuwa nake zagayawa in zan je gida, ga shi ƙafafun sun gaji.

Allah ya jiƙanka, Usta Sabri, ya haskaka kabarinka, ya sa duk wanda ka ɗauka a ruwa da rana ya zame maka shaida. Allah ya ba uwargidanka Hajja Ni'imat haƙurin wannan rashi, ya raya Midhat da Wa'il, kada kowa ya ga laifinsu, ba su suka yi maka alkawari ba. Jama'ar Rashid, in kun yi masa addu'a ku ɗan raga mini kaɗan. Shekaruna saba'in da uku, haɗuwarmu ba nisa, kuma har yau ban san abin da zan ce masa ba.

Hilmi Sarhan, mai fenti, Rashid.