Ƙaron Goni da Lemon Falmata

Duk wanda ya zauna a Fagge a zamanin da jirgin ƙasa ke tashe ya san Ya Falmata mai lemo. Babarbariya ce, gajera, bakinta kamar reza, kuma ba ta faɗin farashi sau biyu. Lemonta daga kudu yake zuwa a tarago, ta hannun Chukwuma, wani ɗan Sabon Gari da ya iya Hausa har da baƙar magana.

Mijinta, Goni Dabo, da ka yake rubuta Alƙur'ani. A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ciwo ya kama shi a maƙogwaro. Tuwo ba ya wucewa, kunu sai da ƙyar, ruwan lemo kaɗai ke sauka lafiya. Shi kuwa ya rantse ba zai sha azumi ko ɗaya ba. Taurin kan malami, wa zai tanƙwara shi?

Saura fiye da wata a ga watan azumi, Chukwuma ya tare Falmata a tasha. "Mama, wannan taragon shi ne na ƙarshe, lemo ya ƙare a can. Kuma a zafin Kano, kafin azumi zai yamushe kamar fuskar kakata."

"Kakarka ce ba ta da mai kula da ita," in ji Falmata. "Cika min kwando biyu. Wanda aka yanko da karansa nake so, ban da wanda ya faɗo ƙasa."

Ta daɗe da sanin cewa lemo ta ɓawonsa yake bushewa. Ta kuma sha ganin Goni yana jiƙa ƙaro don haɗa tawada, ta ga yadda yake bushewa ya bar sheƙi, ya rufe abu ruf. Goni yana da jaka guda ta farin ƙaron Borno, wanda ya ajiye don ƙarasa rubutunsa, domin ba ya yarda da na kasuwa. Falmata ba ta tambaya ba, ta juye shi duka a ƙwarya, ta jiƙa. Ta tsoma lemon ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a inuwa, ta jera a randa cikin busasshen yashi, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Kullum da safe takan tona, wanda ya yi laushi ta fitar da shi kafin ya ɓata saura.

Azumi ya kama, lemo ya gagara har a Sabon Gari, amma kullum Goni da shi yake buɗe baki. A goman ƙarshe ƙarfinsa ya dawo. Da la'asar ya jawo jakarsa zai haɗa tawada, ya ji wayam.

"Falmata, ina ƙarona?"

Ta tono lemo guda, ta ajiye a gabansa yana sheƙi. "Ga shi nan, Malam. Shi ya kawo ka yau."

Goni ya ɗauka, ya kankare ɓawon da farce. A nan ne gaban Falmata ya faɗi, ita da ba ta tsoron kowa.

"Zai kai salla?" ya tambaya.

"Har ya wuce."

Ya miƙa mata lemon. "To fere shi, magariba ta kusa. Rubutu zai jira fataken Borno."

Fataken sun zo bayan salla, kuma sun iske mai rubutun da ransa, alƙalami a hannu.