Haɗin Da Na Shafa Wa Ƙanwata

Edita, ina roƙo a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara goma sha tara, ina karatun koyon malanta a Gusau, jiharmu ma ba ta daɗe da samuwa ba. Ni ce ta farko da ta wuce sakandare a gidanmu da ke Tsafe, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Duk abin da na faɗa a gida, daga gishirin miya har maganin ciwon kai, so nake a karɓa ba musu, tunda ni ce na shiga birni.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, kurajen fuska. Sun cika mini goshi da kumatu, wannan na nuna wancan na fitowa. 'Yan ɗakinmu kowacce ta zama likita. Wata ta ce ƙuli-ƙuli ne, wata ta ce ƙazanta, wata ta ce mataccen jini. Na bar gyaɗa, na riƙa dirje fuskata da soso sau biyar a rana, na shafa man goge baki, ban samu komai ba sai raɗaɗi. Ana nan aka yi mini kwatancen wata Hajiya mai sayar da haɗi a bakin tashar mota. A gabana ta matse mayuka uku a cikin wata kwalba marar rubutu, ta juya da tsinke, ta ce in shafa safe da yamma. Ban tambayi sunan ko ɗaya ba. Kafin mako biyu fuskata ta yi sumul, har da wani haske da ban san ina da shi ba.

Da na je hutu sai na tarar ƙanwata, wadda take 'yar sha huɗu, ita ma sun fara fito mata. Ba su fi biyar ba, a goshi kawai, kuma ko a jikinta. Ni ce na zaunar da ita na nuna mata su a madubi ɗaya bayan ɗaya, har sai da ta fara jin kunyarsu. Inna ta ce in ƙyale yarinya, girma ne, ita ma ta yi nata sun wuce. Na ce mata zamani ya canja. Da hannuna na fara shafa mata, kuma da zan koma na raba kwalbar biyu na bar mata rabi. Wannan ranar ita ce har gobe nake da-na-sani a kanta.

Wata uku muna shafawa, ina aiko mata da sabo ta hannun direbobin Tsafe. Sai wata rana na je tasha na tarar Hajiya ta tashi, ba wanda ya san inda ta koma. Kwana goma da ƙarewar man, fuskata ta yi ja, ta kama ƙaiƙayi, ƙuraje suka dawo ninkin na da. Na garzaya gida, abin da na gani ya sa na manta da tawa. Kumatun yarinyar nan sun kumbura, ƙuraje manya masu ruwa, fatar ta yi laushi kamar ledar ƙanƙara, rana kaɗan sai ta ƙone. Maimakon in faɗi gaskiya, tsoro ya sa na ƙara taɓargaza. Na haɗa mata lemun tsami da kanwa, na ɗauki allura ina huda su ina matsewa. Tana hawaye tana riƙe da zanina, amma ba ta hana ni ba, don ta yarda na sani.

Kawunmu na Bungudu, wanda ya taɓa aikin asibiti, shi ya zo gaishe da Inna ya gan ta. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni sunan maganin, na ce ban sani ba. Washegari ya kai mu asibiti a Gusau. Likitan ya yi mana bayani cewa idan mutum ya fara balaga fatarsa kan ƙara fitar da maiƙo, maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, shi ne ƙurji. Ya ce ba ƙazanta ba ce, dirza da matsa ma ƙara su suke yi, su bar tabo. Haɗin kuwa, ya ce alamu sun nuna akwai magani mai ƙarfi a ciki, irin wanda ke kwantar da kumburi nan take, amma idan aka daɗe ana shafawa sai ya cinye kaurin fata, ranar da aka bari kuma abin ya dawo da fushi. Ya rubuta mana magani na sha da na shafawa, ya ce wanki sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi ya isa, kuma mu sa haƙuri don abin na watanni ne. Da ya ce ƙuraje biyar ɗin farko wataƙila da sun tafi da kansu, kasa ɗaga kai na yi.

Ni na warke tas, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Ita kuwa inda na huda da allura ya bar mata ramuka a kumatun hagu. Zango guda ta yi ba ta je makaranta ba saboda tsokana. Ba ta taɓa ce mini ke kika ja mini ba, ko sau ɗaya, kuma wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na koyi cewa saurin warkewa ba shi ne lafiya ba, kuma ɗan karatun da na yi bai mai da ni likita ba. 'Yan uwana mata, duk man da ba ku san sunansa ba kada ya hau fuskarku, balle ta wanda ya amince da ku. Idan ƙuraje sun dame ku, ku cire hannu, ku je asibiti. Ranar da na gama makaranta mun ɗauki hoto ni da ita, yana nan a ɗakina. Ni ina kallon mai hoto ina dariya, ita ta juyo masa gefen dama, ta ja mayafi ta rufe kumatun hagu.