Saniyar Inna da bijimin Yayana

Saniya ɗaya Inna ta bar mini, ja mai tozo, kuma a garken yayana take, bayan garin Garwa. Nononta bai taka kara ya karya ba, amma tun daga kakarta ba a taɓa taimaka wa jininsu wajen haihuwa ba. Kaska ta hau su ta sauka, rani ya wuce suna tsaye.

Sai yayana ya je Ngawundere ya dawo da wani bijimi ruwa biyu, baƙi da fari, wai 'ya'yansa na cika bokiti. Sun cika kuwa. Abin da bai tambaya ba shi ne ko suna daɗewa a duniya. Zafin Garwa ya sa su haki kamar karnuka. Da damina kofatonsu ya ruɓe, tsutsa na fita. Na taɓa ganin an tatsi ɗaya, ruwan ɗiwa da jini na zuba a ƙwarya, ƙudaje sun rufe hantsar. Ranar ban iya shan fura ba. Kafin haihuwa ta uku yawancinsu sun tafi mayanka, shi kuwa gogan yana ta yabon bokiti.

Na roƙe shi ya kai tawa wurin bijimin wani Bafulatani maƙwabcinsa. Na gaya masa maruƙan nan manyan kai ne da su, tawa kuma ƙaramar ƙira ce.

"Ke dai bari, ƙanwata," in ji shi. "Wannan ras ɗin Turai ne, jinin shanun can. Gyara miki iri zan yi."

Ashe ya riga ya haɗa su.

Da haihuwa ta zo, maraƙin ya maƙale. Na iske maza sun ɗaura igiya a ƙafafunsa suna ja, saniyar tana kwance idonta a waje, ƙasa ta jiƙe da abin da ba zan faɗa ba. Dole aka kira mahauci daga unguwar Rumde Ajiya ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Maraƙin ma bai yi rai ba. Ashe mace ce.

Da la'asar yayana ya aiko matarsa da kwano a rufe. Ta ce hanta ce, ya ware mini tunda saniyata ce.