Umrar da na yi wa ƙanina

Shekarun baya na yi kuka a Badar a gaban mutane, ni da ban zubar da hawaye ba ranar da aka kashe ƙanina.

A yaƙin Chadi ya mutu. Harbi ya tarwatsa mu, na tsira, shi ko gawarsa ba a gani ba. Na bi ta Sudan na iso Makka, na kama sana'ar tura tsofaffi a keke cikin Harami. Daga baya mahaifiyata ta biyo ni, muka zauna tare. Ban ƙara ambatonsa ba. In mahaifiyata ta fara zancensa, sai in tashi in fita.

Wata shekara wani dattijo Bahaushe mazaunin Kanada ya ɗauke ni in riƙa tura shi, har ziyarar Badar. A can akwai dutsen da aka rubuta sunayen shahidai. Ya ce in karanto masa.

Na ce, "Baba Alhaji, ni turi na iya."

Ya yi dariya, ya sa tabarau ya karanta da kansa. Sannan ya ce ya taɓa zuwa wani filin yaƙi a Faransa, inda aka sassaƙa sunayen sojojin Kanada da ba a ga gawarsu ba, jikokinsu na zuwa suna shafa rubutun.

Na ce, "Dutse me zai yi wa mamaci?"

"Ba don mamacin ba ne, ɗana. Don wanda aka bari ne. Kai wa ka rasa?"

Ban taɓa gaya masa komai ba. Na buɗe baki in ce babu, sai sunan ƙanina ya fito. Ƙato da ni, na durƙusa bayan keke ina shessheƙa, alhazai na ratsa ni.

Bai lallashe ni ba. Da muka iso miƙati a hanyar dawowa, ya miƙo min harami sabo.

"Ɗaura. Yau niyyarka tasa ce. Turi kuwa ba ka tsira ba."

Haka na yi wa ƙanina umra ina tura dattijon, shi yana ta yi masa addu'a da sunansa. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Yau ka binne min shi."

Shekara da shekaru Ka'aba na gabana, sai da baƙo ya zo ya nuna min abin da zan yi wa ƙanina. Allah Ya saka masa. Ina nan Makka, ina turi. In mahaifiyata ta fara zancen ƙanina, zama nake yi.