Dutsen da Ya Zauna a Gwiwar Kaka

Maiduguri a shimfiɗe take kamar tabarma. A Mairi inda na tashi, abu mafi tsayi da na taɓa hawa shi ne tulin yashin ginin maƙwabcinmu. Kaka kuwa 'yar duwatsun kudancin Borno ce, kuma ba ta taɓa yafe wa garin nan rashin tudu ba. Da yamma idan an sauke tuwo, takan miƙe ƙafafu kusa da murhu don ɗumama gwiwarta mai ciwo, mu uku mu kewaye ta: yayana Iliya, Rifkatu 'yar baffanmu, da ni. Ni ce ba a jin muryata.

Wata shekara ta ce za ta je gida Kirsimeti, kuma jika ɗaya za ta ɗauka. Babu wanda ya taɓa ganin dutse a cikinmu. Na so tafiyar har na kasa cin abinci, amma ban faɗa wa kowa ba.

"Wanda ya amsa tambayata yau, shi zai riƙe mini jaka," in ji ta.

Ta shimfiɗa tsohon buhu a kan gwiwarta, ta sa Iliya ya ɗebo yashin maƙwabci, aka jiƙa, aka tula a kai. Ta ɗauki buta.

"To, ga ta nan ta tsaya a bakin ƙofa."

"Ta shigo mu gan ta," in ji su Iliya.

Ta ce wani yaron Dutse ne mai girman kai, yana son ya taɓo gajimare. Rafi yana bin bayansa yana yi masa susa. Kaka ta fara tsiyaya ruwa, ya tsaga yashin ya gangara. Duk sanda ta ɗaga gwiwa, wato Dutse ya yi ɗage don ya ƙara tsawo, sai Rafi ya yi tuntuɓe ya faɗo, ya fusata, ya koma yana gwaguyar wurin da ya kayar da shi. Ana cikin haka butar ta ƙare.

"Saratu, ƙawata, tashi ki cika. Ke dai ba magana za ki yi ba balle mu yi asara."

Famfonmu ɗiga yake yi. Daga can ina jin dariyarsu, ina jin Kaka tana cewa, "Ya yi ɗage na biyar, ya yi na shida." Kafin in dawo Dutse ya yi na bakwai, gajimare ya buge shi a ka, ya zauna.

"Tambaya. Sau nawa dutsen nan ya tashi?"

"Bakwai," in ji Iliya, har ya miƙe tsaye.

"Ni na riga shi a zuci," in ji Rifkatu.

Ni ban ga sauran ba, don haka na tsuguna ina kallon yashin. A hanyar da ruwan ya bi akwai matakala ƙanana inda ya faɗo. Ta can sama ta zaizaye gefenta ya yi laushi, ta ƙasa sabuwa ce bakinta da kaifi. Na ƙirga sau biyu.

"Uku," na ce.

Kaka ta sa hannu a kunne. "Wa ya yi magana? Ko buta ce?"

"Uku ne, Kaka. Ga inda Rafi ya faɗi."

Iliya ya ce ai da kunnensa ya ji bakwai. Kaka ta yi dariya har dutsen ya rushe.

"Maigida, bakina ne ya ce bakwai. Wannan gwiwar ko gwamna ne ya zo ba za ta ɗagu sau bakwai ba. Ku kuna kallon bakina, ita ta tambayi rafin."

Na riƙe jakar. Na yi amai sau biyu a mota, da na ga dutsen kuma na ɓuya a bayan zaninta.

Yanzu aikina ke nan a jami'a. Ina zuba tsayin ƙasa da hanyoyin rafuka a kwamfuta, in ɗaga duwatsu, in saki ruwan sama na dubban shekaru, in maimaita har matakalan da suka fito su yi daidai da na gaske. Daga nan ake gane yaushe dutse ya tashi, kuma sau nawa. Har yau idan manya na jayayya a taro ina jin nauyin buɗe baki. Sai in tuna cewa ranar nan ma ba na wurin sanda abin ya faru, in duba rafin, in faɗi abin da na ƙirga.