Sadakar Uku ta Muniratu

A wani suna da aka yi a Parkchester, wata unguwa a yankin Bronx na New York, cikin 2013 ne Muniratu ta sha kayen da har yau ba ta son a tayar da zancensa, shi ya sa ake tayarwa duk sati. Ana cikin rabon shinkafa, Salamatou, 'yar Nijar mai shagon atamfa, ta ce ai ko Ingila akwai lokacin da talauci ya yi musu kanta. Muniratu ta ajiye cokali.

"Ei, Salamatou! Ingila? Babana shekara goma sha biyu ya yi yana yi wa Bature kuku a Kumasi. Karen gidan nan ma da likitansa. Ke kin taɓa ganin Bature ba takalmi?"

"Yaya Muni, Baturen da ya zo muku ƙoshi ne ya kawo shi. Na gida fa?"

"Na gida ma da nakatayi ɗaure a wuya ake haihuwarsu."

Sai Nadia, ɗiyar Salamatou da ke jami'a, wadda ke jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki Turanci ke fitowa, ta miƙo waya. Ga hoton yara a cikin masaƙa, ƙafa ba takalmi, fuska duk baƙin hayaƙi, ƙashin wuya a waje. Muniratu ta duba, ta juya wayar, ta sake dubawa, ta ce ƙila yaran wata ƙasa ce suka je ci-rani. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ta ɗauki jakarta ta fita a fusace, amma ba ta manta da ledar namanta ba, don fushin Muniratu bai taɓa kai wa nan ba.

A zangon Kumasi aka haife ta, ta uku cikin tara. Uwarta koko da ƙosai take sayarwa a bakin tasha, kuma a nan Muniratu ta koyi abu biyu: yawan magana da sanin asalin kowa. Ta yi makaranta har ta iya karanta jarida da ƙarfi, tana tsayawa a kan kowace doguwar kalma kamar mai tsallake kwata. Ta iso New York da akwati ɗaya da turmin atamfa shida na uwarta, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wanka, magani, dafa abinci marar gishiri marar barkono, abin da ita a ganinta horo ne ba abinci ba. Tsofaffi bakwai suka bi ta hannunta, kuma duk ta san wanda ɗansa ke zuwa da wanda sai kati yake aikowa.

Shekara guda bayan wancan sunan, ofishinsu ya tura ta wurin Madam Rosalin, tsohuwar malamar adabi mai shekara tamanin da shida, a can Manhattan, tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa mai lamba shida. Idon Madam ya tafi, bakinta kuwa yana nan da kaifinsa. Mata uku sun riga sun gudu daga gidan, domin ban da wanka da magani akwai karatu: kullum bayan abincin rana sai an karanta mata littafi. Littattafan kuwa irin na Ingila ne na zamanin da injuna suka fara cin ƙasar, kowanne ya kai kaurin bulo.

Ranar farko Muniratu ta yi shafi huɗu, ta rufe.

"Madam, mutumin nan tun ɗazu hayaƙi yake ba mu labari. Yaushe mutane za su shigo?"

"Ci gaba, suna tafe."

Da suka shigo kuwa, sai Muniratu ta gyara zama. Mutane ne da suka baro gonakinsu a ƙauye suka kwararo birni neman aikin masaƙa, su goma a ɗaki ɗaya, mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa, ƙararrawa na tashin su tun asuba, kowa na rubuta wa gida cewa lafiya lau yake alhali ƙarya yake yi.

"Madam, wannan ai zango ne! Ni na san mutanen nan. Wannan mai ƙaryar wasiƙar ma, ɗakinmu ɗaya da irinsa a Bronx."

Daga ranar karatu ya zama gulma. In budurwa ta shiga uku a littafin, Muniratu sai ta ɗaga kai ta tambaya ina goggonninta, ina kawunnanta, wane irin gari ne yarinya za ta kwana a titi ba wanda ya san uwarta. In mai masaƙa ya yi dogon jawabi a kan ci gaban ƙasa, sai ta ce ya fara ciyar da masu yi masa aiki gaba tukuna. Madam, wadda ta yi shekara arba'in tana koyar da littattafan nan ga yara masu hamma, ta riƙa dariya har tana neman ruwa. Ta fara cin abinci. Ta fara neman a gyara mata gashi kafin karatu. Littafin da ake gamawa a wata ɗaya, su wata bakwai suka yi a kansa, ba su ma ƙare ba.

Wata ranar Talata suka kai inda Wini ta rasu. Wini masaƙiya ce a labarin, uwar 'ya'ya huɗu, shekara ashirin da biyu tana tsaye gaban inji har ƙurar auduga ta cika mata ƙirji. Marubucin ya binne ta a layi biyu ya koma kan bikin gidan masu kuɗi. Muniratu ta rufe littafin, ta naɗe shi a ɗankwali, ta ɗora a kan kabad.

"Madam, sannu da haƙuri. Ba karatu sai an yi uku."

"Uku na me?"

"Matar da muka yi wata bakwai tare da ita? Mu wuce ta kamar kaza ce ta mutu?"

Da Salamatou ta ji labari a shago, dariya ta kusa kayar da ita daga kan kujera.

"Yaya Muni, kin haukace? Matar nan fa babu ita. Ƙirƙiro ta aka yi."

"Sunan aka ƙirƙiro. Tarin ma ƙirƙiro shi aka yi? Wannan atamfa 'yar Ingilar da kike tsuga wa mutane tsada, da wadda uwata ta ɗaura ranar sunana, su wa kike zaton suka fara saƙa irinta? Aljanu?"

Salamatou ta shafa turmin da ke gabanta, sannan ta ce to, ita za ta kawo zuma.

Ranar Juma'a Muniratu ta hau jirgi da kula cike da masa. Ta ba mai gadin ƙofa, ta ba ma'aikacin gidan waya, ta kira tsohuwar da ke ɗakin gefe. Salamatou ta zo da babban mayafi. Suka zauna a falo, Madam a tsakiya an ɗaura mata kallabi, kowa ya zo sai ya kama hannunta ya ce sannu, ita kuwa tana amsawa da natsuwa, zuma na bin haɓarta.

Ana haka ƙofa ta buɗe, ga Mista Kevin, ɗan Madam guda ɗaya, wanda ke zuwa daga New Jersey sau ɗaya a wata. Ya ga taro, ya ga mata da mayafai, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya mutu?"

"Wini," in ji uwarsa.

"Wace Wini?"

"Shafi na ɗari biyar da sha biyu."

Fuskar bawan Allah ta yi ja kamar tumatir. Ya ja Muniratu kicin, amma da yake kicin ɗin Bature ba ƙofa, duk falo na ji. Ya ce an ɗauke ta kula da mara lafiya ne, ba rikita mata kai ba. Ya ce karatunta ma a hankali yake, tana katsewa, tana sa baki. Ya ciro wata 'yar na'ura daga jakarsa, ya ce wannan za ta karanta wa mamansa kowane littafi tiryan-tiryan, ba tsayawa, ba kuskure, ba rabon masa. Ranar Litinin zai kira ofis a kawo wata wadda za ta yi wanka da magani kawai ta tafi.

Madam ta daina tauna. Salamatou ta fara laluben takalminta.

Abin da ya biyo baya shi ya sa Kevin bai kira kowa ranar Litinin ba, na'urar ta ƙare a aljihun tebur, Muniratu kuwa ta ƙara shekara huɗu da littattafai biyar a gidan. Ta goge hannunta a zani, ta karɓi na'urar, ta juya ta gaba da baya, ta mayar masa, ta nuna ƙunshin da ke kan kabad.

"Mista Kevin, littafin can shafi ɗari bakwai ne, kuma tun daga farko labarin yadda aka kori mutum aka sa inji ne. Ni da mamanka mun ga inda abin ya kai. Kai a wane shafi kake?"